Yadda Ake Kwatanta Littafin Tarihi na Yara da Fim Ɗin da Aka Yi da Shi

Idan ka ba yaro ɗan shekara goma sha biyu littafi ya karanta, ka nuna masa fim ɗin da aka yi da littafin, sannan ka ce ya kwatanta su, na san abin da zai kawo maka tun bai ɗauki biro ba. Zai ja layi a tsakiyar takarda ya jera: a littafi yaron shekararsa tara, a fim takwas, a littafi akwai wata tsohuwar goɗiya, a fim babu ita. Daga ƙasa ya rufe da cewa littafin ya fi daɗi, don ya san abin da kunnen malami ke son ji ke nan. Ƙidayar bambanci kawai ya yi, aikin ma bai fara ba. Ni da nake karantar da adabi ga yara masu irin waɗannan shekaru, abin da nake nema shi ne a tsaya kan canji ɗaya a tambayi dalilinsa, a kuma tambayi abin da ya yi wa zamanin da labarin ke magana a kansa.

Ƙagaggen labarin da aka ɗora kan tarihi yana da nasa ƙarin nauyi. In labarin aljanu ne, ko na wata duniya da marubuci ya ƙirƙiro, abu biyu ne a gabanka, littafi da fim. Amma da zarar an ce abin ya faru a 1914 ko a 1943, to akwai na uku, wato abin da ya faru da gaske, kuma shi aka fi mantawa. Duwatsun murhu uku ne, ka zare ɗaya tukunya ta kife. Yaron da ya kalli fim ɗin yaƙi a wannan shekaru, sau da yawa hoton da ya gani shi zai zauna masa a ka a matsayin yaƙin har girmansa, ko da daga baya ya ci jarrabawar tarihi da kyau.

Zan yi misali da littattafai biyu da na sani ciki da bai. Na farko War Horse na Michael Morpurgo, wanda ya fito a 1982, Steven Spielberg ya mayar da shi fim a 2011. Labarin wani doki ne mai suna Joey da aka sayar wa sojan Birtaniya a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na biyu The Boy in the Striped Pyjamas na John Boyne, 2006, wanda Mark Herman ya yi fim ɗinsa a 2008. Labarin Bruno ne, ɗan shugaban wani sansanin kisa na Jamus a zamanin Hitila, da abotarsa da wani yaro Bayahude da ke tsare a bayan shingen waya na sansanin. Ko da wani littafi daban za ka yi aiki, hanyar ba ta canzawa.

Kafin a kunna fim

Ka fara kallon fim ɗin kai kaɗai. Don an rubuta littafi domin yara ba ya nufin fim ɗinsa ya dace da su. Abin da marubuci ya wuce da jimla ɗaya, kyamara sai ta nuna shi da jini da ihu. Waɗannan finafinai biyu duk a Amurka an sa musu alamar gargaɗi ga iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba, alhali littattafan ana ba yaran da ba su kai haka ba. In da wurin da za ka tsallake, ko wanda za ka yi wa yara shimfiɗa kafin a iso shi, ka san mintinsa tun yanzu.

Littafi shi ne farko, ba na yin ciniki a kan wannan. Gani ya kori ji. Da zarar yaro ya ga fuskar ɗan wasa, fuskar da ya gina da kansa lokacin karatu ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Shi ya sa kafin kallo nake sa kowa ya rubuta rabin shafi: yaya babban tauraron yake a idonka, yaya gidansu, wane wuri ne a labarin ya fi tsaya maka a rai. Sai in karɓe takardun in ajiye. Bayan kallo in mayar musu, kuma a nan ne gardama mai amfani take tashi, domin kowa yana riƙe da shaidar abin da ya gani kafin darakta ya gane masa. A littafin Morpurgo, Albert, yaron da ya reni dokin, shekararsa 13 a farkon labari. A fim saurayi ne ɗan kimanin shekara ashirin ya fito a matsayinsa. Yaran da suka rubuta cewa sa'ansu ne sukan ji kamar an ƙwace musu wani abu, kuma suna da gaskiya.

Lokacin karatun kuma, tambaya uku ta isa a riƙe a littafin rubutu: wa ke ba da labarin, me ya sani, me kuma ya ɓuya masa.

Sai shafin tarihi. Shafi ɗaya tak, kai za ka shirya shi, kada ya zama lacca. Na War Horse nakan sa cewa yaƙin ya ɗauki 1914 zuwa 1918, cewa ana ƙiyasta dawaki da alfadarai da jakuna kusan miliyan takwas sun mutu a ɓangarorin duka, cewa mafi yawansu jan igwa da kaya da keken marasa lafiya suka yi, ba sukuwa da takobi ba, kuma mashinga da waya mai ƙaya su suka karya amfanin sojan doki a fagen Faransa. Na ɗayan littafin kuwa: sansanin da labarin ke nufi, wato Auschwitz, yana ƙasar Poland da Jamus ta mamaye, ya yi aiki daga 1940 zuwa Janairun 1945, an kashe mutum wajen miliyan 1.1 a cikinsa, kusan miliyan ɗaya daga ciki Yahudawa ne, kuma yawancin ƙananan yaran da aka kai an hallaka su ne tun ranar isowarsu.

Kallon farko a bar shi ya tafi daga farko har ƙarshe, babu biro, babu tsayarwa. Fim abu ne da aka gina don ya ɗauke mutum, a bari ya ɗauke su. A kwana a kai. Kallo na biyu ne na aiki, shi kuma ba duka fim za a sake ba, fitowa biyu ko uku za a zaɓa. Fim ɗin Spielberg ya kusa awa biyu da rabi. Wanda ya ce zai bi shi minti-minti da aji zai gaji, yara su riga shi gajiya.

Bakin wa labarin yake

Da a ce tambaya ɗaya kawai za a bar ni in yi, wannan ce. A littafin War Horse dokin ne da kansa yake ba da labari. "Ni" ɗin da ke cikin littafin Joey ne. Wannan dabara ita ce kashin bayan littafin gaba ɗaya, domin doki ba shi da ƙasa. Bai san dalilin yaƙin ba, bai damu da launin kaki ba. Mutane a wurinsa kashi biyu ne: mai taushin hannu da mai bulala. Ya yi wa Ingilishi aiki, Jamusawa suka kama shi ya ja musu keken marasa lafiya da igwa, ya zauna a gonar wani tsoho Bafaranshe da jikanyarsa Emilie, kuma a kowane ɓangare ya sami wanda ya tsaya kusa da kunnensa ya faɗa masa abin da ba zai iya faɗa wa ɗan'uwansa soja ba. Yaro mai karatu yana gama littafin bai tsani kowa ba sai yaƙin.

Spielberg bai sa dokin magana ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Doki mai muryar mutum a tsakiyar gawarwaki zai koma abin dariya. To amma cire wannan murya ta bar rami, kuma kusan duk manyan canje-canjen fim ɗin ƙoƙarin cike ramin ne. Nan ne nake so yara su gane cewa canje-canje ba a warwatse suke ba, ɗaya ke haifar da ɗaya.

Dubi yadda abin ya bi. Tunda dokin ba zai faɗi abin da ke ransa ba, dole nauyin labarin ya koma kan mutane. Sai aka faɗaɗa gidan su Albert. A littafi mahaifinsa mashayi ne da bashin gona ya yi wa katutu, ya sayi dokin a gwanjo cikin maye, ya kuma ci caca da wani manomi cewa dokin zai iya huɗa cikin mako guda. A fim an ƙirƙiro mai gona, Lyons, mai neman kuɗin haya, don a sami fuskar da mai kallo zai ƙi. An kuma ba uban tarihin tsohon soja da ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu, da wata 'yar ƙaramar tuta ta rundunarsa. Tutar nan a kula da ita sosai: ana ɗaura ta a jikin dokin, tana bin sa daga hannu zuwa hannu har ta dawo gida. Aikin da muryar Joey take yi a littafi, na ɗinke sassan labarin wuri ɗaya, shi tutar take yi a fim. Duk ajin da ya gano wannan da kansa, na san darasin ya shiga.

Haka ma Albert. A littafi ya shiga sashen likitocin dabbobi na soja da niyyar neman dokinsa, kuma a asibitin dabbobi suka haɗu, yana wanke laka daga jikin wani doki da aka kawo, alamomin Joey suna bayyana ɗaya bayan ɗaya. Mai karatu bai ga Albert a fagen fama ba, don Joey bai gan shi a can ba. A fim kuwa an sa shi cikin sojan ƙasa, ya fita daga ramin da sojoji ke fakewa a ciki ƙarƙashin ruwan harsashi, iskar gas mai guba ta taɓa masa ido, sannan ya kira dokin da irin fiton mujiya da ya koya masa tun yana ɗan tsako a gona. Kyamara tana iya zuwa inda doki bai je ba, kuma darakta ya yi amfani da wannan dama ya nuna yaƙin ramuka. An sami faɗi, an rasa wancan ƙunci na ganin komai ta ido ɗaya. Wanne ya fi? Ni littafin nake bi a nan, amma na sha jin yara sun kare fim ɗin da hujja mai kyau, cewa sai da suka ga Albert cikin rami suka ji tsoron yaƙin a jikinsu.

A littafin Boyne ma dabarar tana nan, da wata siga. Labarin yana bin fahimtar Bruno, yaron da bai ma iya faɗin sunan sansanin daidai ba, bai san me ake yi a cikinsa ba. Mai karatu ya fi shi sani, kuma tsoron littafin daga wannan tazara yake fitowa. Kyamara ba ta iya yin rashin sani irin na yaro. Hayaƙin da ke tashi, kowa ya gan shi. Saboda haka fim ya mayar da nauyin ganewa kan uwar Bruno, wadda a hankali ta fahimci abin da ake ƙonawa bayan wani matashin hafsa ya yi suɓutar baki game da warin. Tambayar da za ka yi wa yara: a littafi wa muke tausayawa, a fim kuma wa kyamara ta fi daɗewa a fuskarsa?

Yadda ake zama da fitowa ɗaya

Ga yadda nake yi da harin sojan doki na War Horse. Da farko a karanta wurin a littafi da babbar murya. A can hari biyu ne. A na farko aka kashe Kyaftin Nicholls, wanda ya sayi Joey. Dokin dai ya ji bayansa ya yi sauƙi, ya ci gaba da gudu da sirdi babu kowa. Bayan haka aka ba shi wani ƙaramin soja, Warren, ɗan maƙeri, wanda bai iya hawa sosai ba amma ya fi kowa kula da kofato da ciwon baya. A hari na biyu, da Warren a sama, aka afka cikin waya mai ƙaya, Jamusawa suka kama Joey da abokinsa baƙin ingarma Topthorn. Fim ya haɗe hare-haren biyu ya zama ɗaya, Warren kuma babu shi sam.

Sai a kunna fitowar, a kashe sauti. Yara su faɗi abin da ido kawai ya gani: mahaya suna hawa cikin doguwar ciyawa, suna fitowa kamar daga ƙasa, sansanin Jamusawa ya watse, sojoji suna gudu zuwa daji, a bakin dajin mashinga tana jira. A tsayar a nan. Darakta bai nuna harsashi yana shiga jikin kowa ba. Ya nuna bakin bindiga tana wuta, ya nuna fuskar Nicholls lokacin da ya gane, sannan ya nuna dawaki suna tsallake bindigogin da sirdi wayam, likkafa tana lilo. Daga baya kyamara ta ɗaga sama, fili ya bayyana cike da gawar mutum da ta doki. Abin da littafi ya yi da nauyin da ya bar bayan Joey, fim ya yi shi da sirdi marasa mahaya. A mayar da sauti a sake kallo, a lura da inda kiɗan John Williams ya tashi da inda ya yi shiru. Kiɗa shi ne yake gaya wa mai kallo abin da zai ji ba tare da ya sani ba, kuma littafi ba shi da wannan makami.

Fitowa ɗaya irin wannan takan cinye darasi guda, kuma ba asara ba ce.

Akwai wurin da littafi da fim suka yi kusan daidai, shi ma yana da amfani: inda dokin ya maƙale a filin da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, soja ɗaya ya fito daga nan, ɗaya daga can, suka taimake shi, suka cilla kwabo sama don a san wanda zai tafi da shi. A fim an ƙara masa raha, inda Bajamushen ya nemi ƙarin almakashin yanke waya sai ga su suna ruwa daga raminsu. Abin lura a nan harshe ne. A fim ɗin kowa Turanci yake yi, Bajamushe da Bajamushe, Bafaranshe da jikarsa. A littafi babu matsala, don doki ne ke ji. A fim kuwa zaɓi ne na kasuwa, kuma yana rage wa mai kallo jin cewa waɗannan mutane baƙin juna ne.

Inda dutse na uku yake shigowa

Fim ɗin Spielberg ya ƙara wasu 'yan'uwa biyu matasa a sojan Jamus, waɗanda suka gudu da dawakin suka ɓuya a wani injin niƙa mai aiki da iska, aka kamo su aka harbe. An ɗauki wurin da gwaninta: fiffiken injin ya gifta gaban kyamara daidai lokacin harbin, da ya wuce sai ga su a ƙasa. Ba sa cikin littafin. To a ɗauko tarihi. Sojan Birtaniya da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta sun harbe nasu mutum 306 kan laifuffuka irin su gudu daga fagen fama, waɗanda sai a 2006 aka yi musu afuwa bayan rai. Hukuncin kisa da sojan Jamus suka zartar kan nasu a wannan yaƙi, a ƙididdigar da masana ke ambata, bai kai hamsin ba. Fim ɗin bai yi ƙarya ba, irin haka ta faru. Amma ya ɗora abin a ɓangaren da ya fi sauƙi ga masu kallonsa. Morpurgo kansa ya rubuta wani littafin a 2003, Private Peaceful, kan irin wannan harbi a sojan Birtaniya. Yaro ba zai ga wannan ba sai an ajiye masa alƙaluman kusa da fitowar.

Littafin Boyne a nan ne yake shan wuya, kuma fim ɗin ya gaji matsalar har ya ƙara mata. Gaskiya ne shugaban Auschwitz, Rudolf Höss, ya zauna da matarsa da 'ya'yansa a gida dab da sansanin. Amma yaro ɗan shekara takwas ko tara ya riƙa zama kullum a bakin shingen waya yana hira, babu mai gadi, babu lantarki da zai taɓa shi, wannan bai yi kama da abin da aka sani game da wurin ba. Haka kuma ɗan babban hafsan Hitila da bai san su wane ne Yahudawa ba, a ƙasar da ake cusa wa yara wannan ƙiyayya tun daga aji ɗaya. A 2020 gidan tarihin Auschwitz ya fito fili ya ce mai koyo ko koyar da tarihin kisan ƙare-dangin Yahudawa ya guji littafin. Marubucin dai tun a bangon littafin ya kira shi tatsuniya mai darasi. To amma fim ba ya iya zama tatsuniya da sauƙi: kaki na gaske, motoci na zamanin, waya, hayaƙi, duk suna ce wa ido haka aka yi.

Ƙarshen labarin shi ne wurin da za a fi daɗewa. A littafi an aske wa Bruno kai saboda kwarkwata, ya ratsa ta ƙarƙashin waya, ya sa tufafin fursuna, aka kora shi da abokinsa da wasu fursunoni cikin wani ɗakin kisa, duhu ya rufe, marubuci ya ja bakinsa. Iyalin ba su san abin da ya faru ba. Sai bayan lokaci mai tsawo uban ya koma inda aka tsinci kayan yaron ya haɗa lissafi. A fim an sa masa hula, ya haƙa rami da shebur, sannan aka mayar da wurin tsere: ruwan sama, karnuka, uba yana gudu, uwa tana kururuwa a bakin waya. Mai kallo yana addu'a a iso kan lokaci a ceci Bruno. Sai ka tsayar da fim ka tambayi aji: sauran mutanen da ke cikin ɗakin fa, da an iso an fitar da Bruno shi kaɗai, da mun ji daɗi? Ajin yakan yi tsit. Wannan tambaya ta fi duk wani jadawalin bambanci da za su iya cikawa.

Kada wannan ya sa ka ɗauka aikin farautar kuskure ne. Maɓallin riga da bai dace da shekarar ba, ko bindigar da ba a ƙera ba tukuna, wannan na masu sha'awa ne, ba ya canza fahimtar yaro. Kuskuren da ke da nauyi shi ne wanda ya sauya amsar tambayoyi irin su wa ya sani, wa ya sha wuya, wa ke da iko.

Wani abin da ake yawan tsallakewa: shekaru uku ne a gabanka, shekarar da abin ya faru, shekarar rubuta littafi, da shekarar fim. Kuma wani lokaci akwai tsani a tsakani. War Horse ya zama wasan dandamali a Landan a 2007, da dawakin da aka ƙera mutane suna motsa su, kuma fim ɗin ya ambaci littafin da wasan duka a matsayin tushensa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka ya bi. An rubuta shi don gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, yana duban zamanin cinikin bayi ta Sahara. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo da aka buga a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka gyara tsohon kwafin aka nuna a Berlin a 2018. Ba don yara aka rubuta shi ba, amma ɗalibai da yawa a makaranta suka san shi, kuma Umar yaro ne a babban ɓangaren labarin. Wanda ya sami fim ɗin yana da abin aiki mai kyau, musamman a kan yadda aka bi da tsohon malamin da ke ba almajiransa labarin rayuwarsa da bakinsa.

Rubutawa

Ka hana jadawali ya zama amsa. Kayan aiki ne, a bar shi a littafin rubutu. Abin da za a miƙo maka ya fara da magana ɗaya da wani zai iya musantawa. "Akwai bambanci da yawa tsakanin littafi da fim" ba magana ba ce, babu mai musa ta. "Cire muryar dokin ya sa fim ya zama labarin Albert" magana ce. Daga nan kowane sakin layi ya ɗauki canji ɗaya: abin da littafi ya yi, da lambar babi, abin da fim ya yi, da minti, dalilin da ake zato, sai abin da tarihi ya ce, in yana da ta cewa. Canji uku da aka tona sun fi goma sha biyar da aka lissafa.

Ga irin sakin layin da nake ba cikakken maki. A ƙarshen littafi kakan Emilie ya saye Joey a gwanjo, ya kayar da wani mahauci, sannan ya sayar wa Albert shi a kan kwabo ɗaya na Ingila, da sharaɗin ya riƙa ba da labarin jikarsa da ta rasu. Littafin ya rufe da 'yar raha, dokin yana cewa shi da matar da Albert ya aura ba su taɓa shiri ba. Fim kuwa ya rufe da jan sararin faɗuwar rana, kiɗa ya cika, ɗa ya miƙa wa uba tutarsa. Littafin ya bar mu da yarinyar da yaƙi ya ci ba tare da ta riƙe bindiga ba. Fim ya bar mu da sulhun uba da ɗa. Bayan yaƙin kuwa dawaki da yawa na sojan Birtaniya ba su koma gida ba, an sayar da su a can, wasu ga manoma wasu ga mahauta, don haka mahaucin nan ya fi faɗuwar ranar kusa da abin da ya faru.

Hukuncin wanne ya fi kyau a bar shi zuwa ƙarshe, kuma a raba shi: wanne ya fi a matsayin labari, wanne ya fi riƙe amanar tarihi. Sau da yawa amsoshin biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma ba na rage wa kowa maki don ya zaɓi fim.

In lokaci ya rage, ka ba su aikin darakta. Su ɗauki wani wuri da fim ya zubar, misali zaman Warren da Joey a cikin hunturu, inda yake karanta wa dokin wasiƙun da aka aiko masa daga gida, su tsara shi a hoto shida kacal: ina kyamara take, me ake ji, wa ke magana. Dokin ba zai yi magana ba, kuma ba a yarda da muryar mai ba da labari ba. Kafin su kai hoto na huɗu za ka ji sun fara gardamar abin da za a yanke.